Madarar Gwangwani da Ciwon Cikin Jariri: Yadda Ake Haɗawa, Yadda Ake Bayarwa

Ɗan ƙanwata yana da kwana goma sha tara a duniya na je gidan da la'asar sakaliya, na tarar yana tsala kuka, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, fuska ta yi jawur. Tiyata aka yi wa uwar, ta zubar da jini da yawa, nono bai kawo sosai ba, sai likita ya ce a riƙa haɗa masa da madarar gwangwani kafin ta murmure. A kan durowa na ga gwangwani uku, kowanne da sunansa daban, duk an fasa su. Goggonmu da ta zo zaman jego ta ce, "Wannan ma ba ta karɓe shi ba, gobe sai a sayo wata."

Na ce, "Goggo, don Allah haɗa masa in gani."

Ta ɗauko fida ta zuba gari cokali huɗu, kowanne ya yi tozo, har tana danna shi da ɗan yatsa, sannan ta tsiyaya ruwa har ya kai layin 90. Da na tambayi dalilin na huɗun sai ta ce, "Ke 'yar nan, abu tsululu ai ba ya riƙe ciki."

Don tausayin yaron ta yi, na sani. Amma cokali uku a shafe shi ne rabon ruwa mililita 90, kuma ruwan ake fara zubawa. Abin da yaron ke sha ya kai ninki biyu na kaurin da hanjinsa da ƙodarsa za su iya ɗauka. Gwangwanin nan uku duk lafiyarsu ƙalau. Tun ranar nake gaya wa duk mai jegon da ta kawo mini kukan "madara ba ta karɓe shi ba" cewa ta duba hannun mai haɗawa da yadda ake riƙe yaron kafin ta ɗora wa gwangwani laifi. Galibin ciwon cikin nan daga nan yake fitowa, ko kuma daga hanjin jariri da bai gama ƙwari ba.

Babu abin da ya kai nonon uwa sauƙin narkewa a cikin jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba shi zalla wata shida, a ci gaba har shekara biyu, wanda ya yi daidai da abin da addini ya koya mana. In akwai nono ko kaɗan ne, ki fara sa yaro a kai kafin ki ba shi madara, don tsotson ne ke kawo ruwan. Sai dai akwai marayan da uwa ta rasu ta bari, akwai 'yan uku, akwai uwar da ke kwance ko take shan maganin da ya hana ta shayarwa. Wadda larura ta kai ga gwangwani ba ta yi laifin komai ba, bai kamata a riƙa yi mata gori a gidan suna ba. Abin da take bukata a nuna mata yadda ake yi.

Madarar da ta dace da jariri sabuwar haihuwa ita ce mai lamba 1 a jikin gwangwani, wadda aka rubuta daga haihuwa zuwa wata shida. Mai lamba 2 ta wanda ya wuce wata shida ce. Yawancinsu daga nonon saniya ake yi, amma an rage gishirinsa, an gyara furotin ɗinsa ya yi kusa da na mutum. A nonon saniya kusan kashi 80 cikin 100 na furotin irin mai dunƙulewa ne kamar cuku idan ya shiga ciki, a yawancin madara mai lamba 1 kuwa an mayar da shi wajen kashi 40. Shi ya sa madarar shayi irin su Peak da Cowbell da Nido, ko nonon saniya da na akuya da aka tatso, ba abincin jariri ba ne ko da an tsinka su da ruwa: suna wahalar da ƙoda, suna iya gurje hanji har ya riƙa zubar da jini kaɗan-kaɗan, ga ƙarancin sinadarin da ke ƙara jini. In za ki saya a Nijeriya, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki guji gwangwanin da ya lotsa ko ya yi tsatsa, da garin da ake aunawa a leda. Tsada ba ita ce inganci ba. Duk mai lamba 1 da ke da rajista ta cika ƙa'idar da ake bukata.

Maigida ma ya san nauyin da ke gabansa tun da wuri. Jaririn da madara kaɗai yake sha yana cinye gari kusan kilo 20 a wata shidan farko, wato gwangwani 50 ke nan na giram 400. Na kawo wannan lissafi ne saboda idan kuɗi suka yi ƙasa, abin da ake yi shi ne a rage gari a ƙara ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen mako. Yaro zai cika ciki da ruwa, ya rame, ya yi ta kukan yunwa ana cewa ciwon ciki ne. In ruwan ya yi yawa ƙwarai, gishirin jininsa na iya sauka har ya kama jijjiga.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wajen auna tsaba haka ne, a nan kam a ajiye kimar ido. Ki wanke hannu da sabulu. Ki zuba ruwa a fida tukuna, ki ɗora ta a kan tebur, ki sunkuya ki ga ruwan ya tsaya daidai kan layi. Sannan ki ɗebo gari da cokalin da ya zo cikin gwangwanin, ba na wani gwangwani ba, don girmansu ya bambanta. Kada ki danna, kada ki bari ya yi tozo: ki shafe samansa da bayan wuƙa mai tsabta ko gefen da aka tanada a bakin gwangwanin. Yawancin waɗanda ake sayarwa a wajenmu cokali ɗaya ne ga ruwa mililita 30, wato biyu ga 60, uku ga 90, huɗu ga 120, amma ki karanta jikin naki, ko ki sa a karanta miki. Ki ƙirga da ƙarfi, musamman da dare, don mai gyangyaɗi tana saurin ɓata lissafi. In kin ɓace, zubar ki sake. Babu rabin cokali. Ba a ƙara sukari, ba a ƙara koko ko kamu wai don ya yi nauyi ya yi barci.

Madarar da ta yi kauri tana janye ruwan jikin yaro. Kashinsa ya bushe, ƙishi ya dame shi, ya yi kuka, a ɗauka yunwa ce a sake ɗura masa mai kaurin. Haka aka yi ta yi da ɗan ƙanwata har kwana shida.

Sai zancen zafin ruwa, wanda mutane da yawa ba su sani ba. Garin madara, ko da yanzu aka fasa gwangwanin, ba a tabbatar babu ƙwayar cuta a cikinsa ba. Akwai wata da ake kira Kuronobakta mai iya rayuwa cikin busasshen gari, tana jawo wa jariri sanƙarau ko cutar jini, ga kuma Salmonela mai kawo gudawa. A watan Fabrairun 2022 an rufe wata babbar masana'antar madarar jarirai a jihar Mishigan ta Amurka bayan wasu jarirai da suka sha madararta sun kamu da Kuronobakta, masu bincike kuma suka gano ƙwayar a cikin masana'antar. Tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da takwararta ta abinci da aikin gona suka fitar da ƙa'ida cewa a haɗa garin da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 a ma'aunin salshiyas ba. Ba sai kin mallaki ma'auni ba. Ki tafasa ruwa lita ɗaya har ya yi ta ɓararraka, ki sauke, ki yi amfani da shi kafin rabin awa ta cika. Ruwan famfo, na rijiya, na burtsatse, na leda, na gora, duk sai an tafasa. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce filas mai kyau da aka keɓe wa yaron shi kaɗai, a cika shi da tafasasshen ruwa a toshe, a sabunta safe da yamma da lokacin kwanciya.

Bayan kin rufe kin girgiza gari ya narke, ki tsoma gindin fidar cikin kwanon ruwan sanyi, kada ruwan ya taɓa murfin. Ki ɗiga a cikin wuyan hannunki. In kin ji ɗumi-ɗumi ba zafi, ta yi. Ki ɗan bar kumfar ta kwanta, don kumfa iska ce, cikinsa za ta tafi.

Abin da ya rage a fida bayan ya sha, zubarwa ake yi. Na san da ciwo, ga tsadar madara. Ƙa'idar ita ce duk madarar da aka haɗa ta yi awa biyu a waje ta tashi daga aiki, kuma a zafin bazara irin na Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda ake haura digiri 40, ni ba na ma bari ta kai haka. An yarda a ajiye wadda ba a taɓa ba a firiji har awa 24, amma firijin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa ba abin dogaro ba ne. Ki haɗa daidai cikinsa, lokacin da zai sha. Gwangwanin da aka fasa a rufe shi ruf, a ajiye inda babu laima, a gama da shi cikin wata ɗaya.

Wankin fida kuwa, a kwance ta gaba ɗaya, a wanke da sabulu da burushi har cikin lungun kan robar inda madara ke maƙalewa ta yi tsami, a tafasa minti 10 a tukunya mai murfi. In ruwa ko makamashi na wahala a gidanku, ƙaramin kofi ya fi fida aminci, don ba shi da lungu. Ki roƙi nas ta nuna miki yadda ake ba jariri da kofi: ana kai madarar bakin leɓensa ya lasa da kansa, ba a tuttula masa.

Nawa zai sha? Ranar farko cikin jariri bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu ba a zama guda. Bayan mako ɗaya lissafin da ma'aikatan lafiya ke bi shi ne kimanin mililita 150 ga kowane kilo na nauyinsa a yini da kwana. Mai kilo 4 zai sha wajen 600 ke nan, in an raba sau takwas ya kama 75 kowane sha. Wannan jagora ce kawai, wani ya ɗara kaɗan, wani ya gaza. Matsalar fida ita ce madara na zuba ko yaro na so ko ba ya so, mai bayarwa kuma idonta na kan layi, tana son ta ga ƙasan kwalba. Idan ya kau da kai, ko ya turo kan fidar da harshe, ko ya saki hannuwansa ya yi laushi, ya ƙoshi. Ki ƙyale shi. Cikin da aka cika fiye da kima dole ya kumbura ya dawo da rara.

Ki riƙe shi a ɗan zaune, kansa sama da cikinsa, a jikinki. Fidar ta kwanta kusan a miƙe, a ɗaga ta daidai yadda kan robar zai cika da madara ba iska. Ki shafa masa a leɓe ya buɗe baki da kansa. Bayan ya ɗan zuƙa, ki sauke fidar ya numfasa, kamar yadda nono ke ba shi hutu. Ki gwada ramin kan robar: in kin kifa fidar, madara ta riƙa ɗigowa ɗis-ɗis. In tana tsartuwa, ramin ya yi faɗi, zai riƙa ƙwarewa yana haɗiyar iska. Kada a ƙara ramin da allura ko reza. Kada kuma a tokare fida da filo a bar yaro kwance shi kaɗai, ko na minti ɗaya ne.

A tsakiyar sha da ƙarshensa ki sa shi gyatsa. Ki ɗora shi a kafaɗa kina shafa bayansa daga ƙasa zuwa sama, ko ki zaunar da shi a cinya ki tallafe haɓarsa da tafin hannu. In minti biyar ta wuce bai yi ba, ba komai. Ki bar shi a miƙe a ƙirjinki kamar minti 20 kafin ki kwantar, kuma kwanciyar barci a rigingine ce, ko da mai yawan tumbiɗi ne.

Akwai abubuwa uku da ke tayar wa iyaye hankali alhali ba cuta ba ne. Na farko tumbiɗi: ƙofar da ke tsakanin maƙogwaro da tumbi ba ta gama ƙarfi ba, sai madara ta ɗan dawo. In yaro na ƙara nauyi yana walwala, wanki kawai zai ƙara miki, yakan ragu idan ya fara zama. Ba dalilin kai shi wurin wanzami a cire masa beli ba ne. Na biyu yunƙuri: ya yi ta nishi, ya yi ja, ya yi kuka minti goma, sannan ya yi kashi mai laushi. Bai iya haɗa matse ciki da sakin dubura a lokaci ɗaya ba tukuna, zai koya da kansa. Kashin mai shan madara ya fi na mai shan nono kauri da wari, yakan yi ruwan ƙasa-ƙasa ko ya ɗan yi kore, wani kullum, wani ya tsallake kwana. Taurin kashi na gaskiya shi ne ya fito ƙwalla-ƙwalla kamar na awaki. In kin ga haka ki koma kan awo tukuna, ki shafa cikinsa a hankali ta inda hannun agogo ke juyawa, ki motsa ƙafafunsa kamar mai tuƙa keke. Kada a tura masa sabulu.

Na ukun shi ya fi cin rai, wato kukan yamma da likitoci ke kira kolik. Wani likitan yara na Amurka, Morris Wessel, ya siffanta shi a 1954: kuka fiye da awa uku a rana, fiye da kwana uku a mako, har fiye da mako uku, ga yaro lafiyayye mai ci yana girma. Yakan fara wajen mako na biyu, ya kai maƙura wajen mako na shida, ya tafi da kansa a wata na uku zuwa na huɗu. Masu shan nono ma suna yi, don haka sauya gwangwani ba ya cika raba ki da shi. Abin da ke taimakawa shi ne runguma, goyo ba tare da an rufe masa hanci ba, zagaya tsakar gida, wanka da ruwan ɗumi, rage haske da hayaniya. Idan kin ji ranki ya kai wuya, ki miƙa shi ga wani, ko ki kwantar da shi a wuri mai aminci ki fita ki sha iska. Kada a jijjiga jariri da ƙarfi ko kusa, jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa na iya tsinkewa. Maigida, karɓar yaro awa ɗaya bayan isha'i uwar ta runtsa ya fi kowane maganin kemis amfani.

A irin wannan dare ne ake kawo shawarwari: bauri, jiƙo, ruwan kanwa, zuma, da ruwan kwalbar nan na ciwon cikin jarirai. Ina girmama iyayenmu da suka raine mu, amma hanjin ɗan kwana ashirin ba wurin gwaji ba ne. Zuma na iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jikin jariri har numfashi ya gagara, shi ya sa ba a ba wanda bai shekara ba. Jiƙo ba a san ƙarfinsa ba, ba a san tsabtar ruwansa ba. Maganin kwalba ma ba a sha da ka: tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara 84 suka rasu a Nijeriya bayan an ba su maganin haƙori mai suna My Pikin da ya gurɓata da guba mai kashe ƙoda. Ruwa ma kada a ba shi sai da shawarar ma'aikacin lafiya, don madarar da aka haɗa daidai kusan duk ruwa ce.

To, yaushe ne laifin na madarar ne da gaske? Jarirai biyu ko uku cikin ɗari jikinsu ba ya jituwa da furotin ɗin nonon saniya. Alamarsa ba kuka kaɗai ba ne: za ki ga zaren jini ko majina a kashi, amai a kai a kai, gudawar da ta ƙi tsayawa, ƙuraje masu ƙaiƙayi a kumatu, borin jini, ko nauyi ya tsaya cak. A nan tsalle daga wannan suna zuwa wancan ba shi da amfani, yawancinsu daga saniya suke. Ta akuya ma furotin ɗinta ya yi kama da na saniya, ta waken suya kuma ba a fara ta ga ƙaramin jariri sai da izinin likita. Akwai madara ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta, likita ne zai rubuta. Haka mai rubutun "babu laktos", wato sukarin cikin madara: da wuya ƙwarai a haifi yaro da rashin iya narkar da shi, nonon uwa ma ya fi na saniya yawansa. Yawanci bayan doguwar gudawa ake bukatarta, na ɗan lokaci.

Ɗan ƙanwata gwangwani ɗaya muka tsayar masa, cokali uku a shafe, Goggo da kanta ke ƙirgawa da ƙarfi. Cikin kwana uku kashinsa ya yi laushi. Kukan yamma bai bar shi ba sai da ya shiga wata na huɗu, lokacin nonon uwarsa ya riga ya wadace shi.

Akwai kuma alamomin da ba a yi musu haƙuri. Amai kore. Amai mai tsartuwa da ƙarfi bayan kowane sha, musamman tsakanin mako biyu zuwa takwas, wanda kan nuna ƙofar fita daga tumbi ta tsuke. Jini a amai ko a kashi. Kashi fari fat kamar alli. Ciki ya kumbura ya yi tauri, taɓawa na sa shi ƙara. Jaririn da ya yi kwana biyu da haihuwa bai yi baƙin kashin farko ba. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga wanda bai kai wata uku ba, ko jiki ya yi sanyi ƙalau. Maɗiga ta faɗa, baki ya bushe, fitsari ya gaza sau shida a yini da kwana. Ya ƙi sha sau biyu a jere, ko ya yi lakwas ba ya farkawa sosai. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko tsakar dare ne, kada ki jira gari ya waye, kada ki tsaya a kemis. Ki ɗauki gwangwanin da cokalinsa da fidar ki tafi da su asibiti, ki nuna wa likita yadda ake haɗa masa.